Yini Guda A Duwatsu Da Kwazazzaban Bukuru

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake korar mutanen Kano da Sakkwato da Maiduguri daga ɗaka zuwa tsakar gida, mutumin Bukuru yakan laluɓi mayafi kafin assalatu. Garin yana bisa tsaunin Filato, kimanin kilomita 15 kudu da Jos, tsayinsa daga teku kuwa ya ɗara mita 1,200, watau wajen ƙafa 4,000 ke nan. Shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, a cikin ƙasar Birom, kewaye da gundumomin Gyel da Du da Zawan da Kuru da Vom.

Galibin matafiya ratsa Bukuru kawai suke yi, su sayi dankalin Turawa da kabeji a bakin hanya, su wuce Jos ko Akwanga ko Fankshin. Kaɗan ne suka san cewa 'yar tafiya da ƙafa daga bakin garin tana kai mutum wata irin ƙasa wadda ba ta da na biyu a Arewa, ga duwatsu ɗore bisa juna kamar da hannu aka jera su, ga kwazazzabai masu jan gefe, ga kuma tafkuna masu zurfi waɗanda kafin zuwan Turawa babu ko ɗayansu. Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Afrilu. A sa'an nan hazon hunturu ya wuce, ciyawa ta bushe ko ta ƙone, saboda haka ido yana kaiwa nesa. Ruwan farko, wanda yakan riga na Kano sauka da makonni, ya kwantar da ƙura, rafuka kuma ba su kawo ba tukuna balle su tare hanya.

Fita da sassafe

Mai niyyar wannan tafiya ba ya bukatar kaya da yawa. Gorar ruwa, da takalmi mai ƙarfi wanda ba ya santsi bisa dutse, da malafa, da sanda, sun isa. In da hali a haɗa da tabarau mai jawo nesa. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ɗan rakiya wanda ya san ƙasar, kuma mutanen ƙauyuka suka san shi, don da ɗan gari akan ci gari. Rikice-rikicen da aka yi a Jos a 2001 da 2008, da na watan Janairu 2010 wanda ya taɓa Bukuru ƙwarai, sun bar tabo a zukata, har unguwanni suka rarrabu. Saboda haka baƙo mai hankali yakan gaida mai gari ya faɗi abin da ke tafe da shi kafin ya shiga daji, ya kuma komo gida kafin duhu. Har ila yau akwai duwatsu da kurmi waɗanda Birom suke girmamawa tun kaka da kakanni, ba a hawansu ko shigarsu sai da izini.

Wanda ya fita bayan sallar asuba ya bi hanyar Gyero yamma da gari, kafin rana ta ɗaga zai bar gidajen kwano a baya. Abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne shingen kerana. Mutanen Filato sun daɗe suna dasa wannan tsiro mai ƙaya da farin ruwa mai guba su kewaye gonaki da gidaje da shi, a zamanin da ma shi ne ganuwarsu daga mahara masu dawakai. A wasu wurare hanya takan ƙuntata ta zama lungu tsakanin shinge biyu da suka fi mutum tsawo. Bayan shingen kuwa manoma, maza da mata, sun riga sun duƙa da garma suna gyaran gonakin acca da masara da dankali, suna jiran ruwa ya zauna. In baƙo ya ce, "Sannu da aiki, Baba," da Hausa za a amsa masa, gama ita ce harshen kasuwa da na hanya a duk faɗin tsaunin.

Mazauna cikin dutse

Duwatsun da ke tsakanin Jos da Bukuru irin na ƙanƙarar dutse ne mai tauri, waɗanda masana ilmin ƙasa suka ce sun daskare daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ruwa da rana da sanyi suka yi ta cin su ta wajen tsagoginsu, ƙasar da ta rufe su ta zaizaye, sai ƙwallayen da suka fi tauri suka saura a ɗore. Shahararren Dutsen Riyom, wanda ke bakin hanyar Akwanga, ta haka ya samu siffarsa. A cikin tsagogin nan ne gamji da ɓaure suke cusa saiwarsu, a nan ne kuma sauran namun dajin yankin suka sami mafaka daga garma da gatari.

Kallon namun dutse aikin haƙuri ne. Mutum yakan nemi gindin wani dutse ya zauna, rana tana bayansa, ya yi shiru kamar minti ashirin. Ƙadangaru ne suke fara fitowa, mazansu da jan kai suna ta gyaɗa shi. Sai a ji kukan kazar dutse daga cikin sarƙaƙiya, garke guda suna amsa wa juna, in an yi sa'a a gan su suna gudu da wutsiya a ɗage. Hasbiya tana kuka daga ƙwanƙolin dutse, kurege ya tsallaka fili a guje, shirwa kuwa tana shawagi a bisa. Wanda rabonsa ya tsaga zai ga rema ta fito shan hantsi. Dabba ce mai kamar ƙaton zomo marar dogayen kunnuwa da wutsiya, jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa takan kwanta bisa falalen dutse da safe har ta ji zafi kafin ta tafi kiwo. Tafin ƙafarta laushi gare shi kamar roba, tana hawan dutsen da mutum ba zai iya ba. Kullum akwai guda mai gadi, da ta hangi shaho ko maharbi sai ta yi ƙara, nan da nan kowa ya shige rami. Abin mamaki, masana halittu sun tabbatar da cewa giwa tana cikin danginta na kusa.

Dabbar da ta fi kowacce daraja a waɗannan duwatsu ita ce gadar dutse, wadda take tafiya bisa kan kofatonta, tana tsalle daga dutse zuwa dutse kamar ba ta taɓa ƙasa. Ana samun irinta da yawa a gabashi da kudancin Afirka, amma a Afirka ta Yamma an san ta ne a Nijeriya, a tsaunin Filato da wasu duwatsun da ke maƙwabtaka da shi. Farauta ta rage ta ƙwarai da gaske, yau kusa da Bukuru sai dai a ji labarinta a bakin tsofaffi. Sunayen wurare irin su Rafin Ɓauna, kusa da Jos, suna tuna wa mutum irin namun da ƙasar ta taɓa ɗauka. Dole ne kuma mai yawo ya lura da inda yake sa hannu da ƙafa, domin da ruwan farko macizai suke fitowa, kasa kuwa ba ta gudu in ta ji motsi, lafewa take yi.

Kwazazzaban da kuza ta bari

Da hantsi ya yi, matafiyi zai sauko daga duwatsu ya shiga fili, a nan ne zai tarar da kwazazzabai. Wasu ruwa ne ya zaizaye su, amma mafi yawansu hannun ɗan Adam ne ya fara su. Gefensu ja da fari da rawaya, tsaye kamar bango, zurfin wasu ya fi gidan bene. Kusa da kowanne akwai tulin ƙasa mai tsayi wanda ruwan sama ya tsattsaga, ciyawa ma da ƙyar take kama shi. Wannan shi ne gadon haƙar kuza.

Kuza tana cikin duwatsun nan tun asali. Da suka zaizaye sai ruwa ya kwashe ƙwayoyinta baƙaƙe masu nauyi ya zuba su a cikin yashin rafuka, daga baya aman wuta irin wanda ya bar tuddai a wajen Vom da Miango ya binne wasu tsofaffin rafukan da kuzarsu. Tun kafin Turawa, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka ta su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne Kamfanin Neja ya bi sawunsu a 1902 da 1903 har ma'aikatansa, cikinsu da Kanar Laws, suka hau tsaunin suka kafa sansani a Naraguta. Da farko a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. A 1914 ƙaramar hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Zariya, ita ce aka rufe a 1957, babbar hanyar da ta fito daga Fatakwal ta bi Kafanchan kuwa ta iso a 1927.

Dubban leburori suka kwararo daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno da ƙasar Tibi, har da ƙasar Faransa ta wancan lokaci, watau Nijar da Chadi na yanzu, da diga da shebur da kwanon sarki. Barikokin da suka zauna su ne suka zama garuruwa masu sunayen Hausa a tsakiyar ƙasar Birom, kamar Barikin Ladi, da Gindin Akwati, da Dogo Nahawa, da Mai Adiko, da Sabon Gidan Kanar. Bukuru kanta kuza ce ta raya ta, musamman bayan da babban kamfanin ATMN ya kafa ma'aikatunsa da gidajen ma'aikatansa a nan da Rayfield. Sa'ad da Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar majiyar kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta sa a ɗebo mutane tilas daga lardunan Arewa, abin da jama'a suka yi wa laƙabi da ɗiban gwamna. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba, amma sanyin tsauni da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikin waɗanda aka ɗebo, har aka daina tsarin a 1944. A irin waɗannan ramukan kuza ne, can ƙauyen Nok, aka tono gumakan yumɓu da suka shahara a duniya, waɗanda saboda su da irinsu aka buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952.

Daga baya manyan injuna masu aiki da lantarki suka maye gurbin kwanon sarki, suna yaye ƙasa don a kai ga kuzar da ke can ƙasa. Da kuzar sama-sama ta ƙare, kasuwar duniya kuma ta faɗi warwas a watan Oktoba 1985, sai kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Ƙasar da aikin ya lalata an ƙiyasta ta haura murabba'in kilomita 300. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi doka cewa a riƙa cike ramuka, aka kuma dasa itacen turare a wasu wurare, shi ne ake gani jere-jere har yanzu, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba.

Ruwan da ke raya wasu, yana cin wasu

Ruwa ya cika ramukan suka zama ɗaruruwan tafkuna. Da tsakar rana ruwansu yakan yi kore ko shuɗi, ya kwanta lumui, inuwar jan gefe tana ciki. A bakin waɗanda suka yi laka akan ga balbela tana bin shanun Fulani, da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da zakaran ƙeƙuwa yana kururuwa in an matso kusa da ƙwansa, wani lokaci har da garken kirinjijiya. Manoman rani sun kafa injunan ban ruwa, suna fitar da kabeji da karas da latas da tumatir da dankali waɗanda ake lodinsu zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Ramin da ya cinye gonar kaka, yau shi ke shayar da lambun jika.

Amma fa kyan ruwan nan yaudara ne. Gefen tafkin a tsaye yake, taku biyu daga baki mutum ya nitse, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Iyalai da yawa a yankin sun rasa 'ya'yansu a ciki, dabbobi ma ba su tsira ba, don haka kada zafin rana ya ja baƙo ga wanka. Haƙar kuza ma ba ta mutu ba. Samari suna tona rijiyoyi masu zurfi da ake kira loto, a saukar da mutum da igiya ya bi kuzar ta ƙarƙashin ƙasa, mata kuma suna wanke yashi a bakin ruwa. Sau da yawa rami yakan rufta da mutane a ciki. A watan Fabrairu 2025 gwamnatin Jihar Filato ta ba da umurnin dakatar da haƙar ma'adinai na wani lokaci domin a yi wa sana'ar tsari. Mai yawo ya lura da bakin waɗannan rijiyoyi, gama wasu an bar su a buɗe cikin ciyawa.

Rafin da ya ratsa wannan fili shi ne Ngell. Yana gangarawa yamma har ƙasar Irigwe, inda ya yanka kwazazzabo na ainihi mai zurfi ya faɗa daga gefen tsauni a Kwall. A nan ne aka kafa injin samar da lantarki da ƙarfin ruwa a farkon shekarun 1920 domin ma'aikatan kuza, kafin kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 yake kuma da hedkwata a Bukuru, ya gina nasa a Kura. Tsaunin Filato dai uwar koguna ne: ruwan da ya sauka a kansa wani yakan bi Kogin Kaduna zuwa Kwara, wani ya bi Gongola zuwa Binuwai, na Dilimi kuwa ya nufi Tafkin Chadi.

Daga gandun Jos zuwa kurmin Amurum

Bayan azahar, in an komo gari an ci gwaten acca an huta, sauran yawon na mota ne. Gandun Namun Daji na Jos yana arewa da Bukuru, wajen hanyar Miango, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 8. An kafa shi a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na Jihar Binuwai da Filato, wanda shi kansa ilmin dabbobi ya karanta a Ibadan kafin ya shiga aikin ɗan sanda. An ajiye zakuna da giwa da dorina da jimina da kadoji a cikinsa a lokuta dabam-dabam, akwai kuma tudu da rafi da inuwa mai sanyi. Gandun ya sha fama da rashin kulawa da matsin gine-gine, a watan Disamba 2015 har wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa aka harbe shi. Duk da haka nan ne yaran makaranta da yawa na Arewa suka fara ganin namun da suke ji a tatsuniya.

Mai son ganin daji yadda Allah ya halicce shi kuwa, sai ya ƙarasa Laminga, kimanin kilomita 15 gabas da Jos, ta wajen duwatsun Shere waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. A nan kurmin Amurum yake, fili mai kamar hekta 300 wanda mutanen ƙauyen suka kiyaye, kuma a cikinsa aka kafa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis a farkon shekarun 2000, tare da Jami'ar Jos. An lissafta tsuntsaye kusan iri 300 a wannan ɗan wuri, ban da birai da rema. Da la'asar sakaliya, in zafi ya sauka, kurmin yakan cika da kuka.

Biyu daga cikin tsuntsayen nan su ne suke jawo masana daga Turai da Amurka. Na ɗaya ɗan ƙaramin baƙi ne mai sheƙin kore, dangin zalaidu, wanda ba ya saƙa sheƙa. Macensa takan saka ƙwanta a sheƙar wani, ɗan kuwa ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya lura cewa kukan da wannan tsuntsu yake kwaikwayo bai dace da na kowane tsuntsu da aka sani ba. Bin sawun kukan ne ya kai ga gano na biyun, ɗan tsuntsu mai jan baya da toka-tokan kai wanda ke zaune a gindin duwatsu, aka shigar da shi littattafan kimiyya a 1998 a matsayin sabon iri. Rayuwar na farkon a rataye take da ta na biyun, ta na biyun kuma a rataye da duwatsu da ciyawar da ke gindinsu.

Afrilu kuma watan tafiya ne ga tsuntsaye. Akwai ƙanana 'yan cin rani waɗanda suka zo daga Turai tun wajen Oktoba, nauyin wasu bai kai na ƙwan kaza ba. A wannan wata sukan yi ta cin ƙwari da 'ya'yan itace har su yi ƙiba, kitsen nan shi ne guzurinsu na ƙetare Sahara da Bahar Rum. Suna tashi arewa, shamuwa tana isowa daga kudancin Afirka, manomi kuwa da ya gan ta ya san damina ta ƙarato.

Abin da ya rage

Wanda ya yi wannan yini zai koma da abin tunani. Kowace shekara masu fasa dutse suna cinye wani tudu don tsakuwar gini, masu itacen wuta da gawayi suna sare kurmin bakin rafi, wutar farauta tana cin ciyawa da sheƙar tsuntsaye, gine-gine kuma sun riga sun haɗe Jos da Bukuru. Ramin kuza ana iya cike shi in an samu kuɗi da niyya, amma dutsen da aka fasa ba ya komowa, haka ma dabbar da irinta ya ƙare.

Amurum ya nuna cewa akwai mafita, domin ƙauye guda da jami'a guda sun isa su tsare kurmi har duniya ta san da shi, 'ya'yan ƙauyen kuma suna samun aiki a ciki. Ya kamata gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya su keɓe wasu duwatsun Gyel da Du da Zawan a hana fasa su, a kafa alamun gargaɗi a bakin tafkuna masu haɗari, a kuma horar da samarin ƙauyuka su zama 'yan rakiyar baƙi. Makarantun Arewa da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido Jos su ƙara musu yini guda a bayan garin Bukuru, su ga dutsen da kuza ta fito, da ramin da kakannin wasunsu suka haƙa da kwanon sarki. Wanda kuma ya sami kwana biyu, Dutsen Riyom da jerin ginshiƙan baƙin dutse na Kahwang da magangarar ruwa ta Assop a Hawan Kibo duk suna kudu maso yamma da Bukuru, tafiyar da ba ta wuce ta yini guda ba a mota.